Fankar Motar Maƙwabci

Allurar zafin inji ta haura tsakiya ta doshi jan layi, motar kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙara ba. Gaba motoci, baya motoci, rana ta take tsaka tana dukan rufin kamar da gayya. A kujerar baya Maman Auta ta tallabe 'yarta a ƙirji, tana jin numfashin yarinyar yana fita da wani siririn fito. Ciwon asma ne ya tasar wa yarinyar tun da hantsi. Abin shaƙar ya ƙare, an girgiza shi har hannu ya gaji, bai ba da komai ba.

"Malam Direba, don Allah ka ratsa ta gefe."

"Ina gefen yake, Maman Auta?"

Direban maƙwabcinsu ne, dattijo ɗan tasi, wanda unguwa ke kira Ba-Gaggawa don ko mai keke yakan wuce shi a hanya. Yau kam ya yi gudun da bai taɓa yi ba, har cunkoson bakin gada ya tare shi. Yanzu ba titi yake kallo ba. Ya karkata kai ya kasa kunne, fuskarsa ta sauya.

"Ban ji fanka ba," in ji shi. "In mota na gudu, iska ke sanyaya mata lagireto. In ta tsaya haka, sai fanka. Ga shi ta ƙi tashi."

Kafin ya rufe baki tururi ya fara tsattsafowa ta gefen bonet. Ya murɗa makulli ya kashe motar.

"Ka kashe? Malam, yarinyar nan fa!"

"In na bar shi inji zai buga, mu rasa tudun dafawa gaba ɗaya. Yi mata fifita, ina zuwa."

Ta leƙa ko za ta ga mai babur. An hana su hawa gadar, ko ɗaya babu. Asibitin yana can tsallake, tafiyar da ba za a yi ta da yarinya a kafaɗa cikin wannan rana ba.

* * *

Mutane ba sa rasa lokacin kallo. Kafin Ba-Gaggawa ya tokare bonet an kewaye shi, kowa ya zama bakanike. Wani ya ce a kwara ruwa. Wani ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, Ba-Gaggawa ya buge hannun.

"So kake ka ƙone fuskarka? Matsa!"

Ta tsakanin bonet da gilashi Maman Auta take hango hannuwansa. Ya tura fiffiken fankar da yatsa, ya juya sumul, ba abin da ya riƙe shi. Ya buɗe akwatin fis, ya zaro ɗaya ya ɗaga wa rana. Bai tsinke ba. Sai ya cire soket ɗin fankar, ya karɓi guntuwar waya a hannun wani direba, ya haɗa ta kai tsaye da batir. Fanka ta ɗauka da ƙara. Kafin mutane su gama hamdala wayar ta ɗau zafi, ta ƙone masa yatsa, ya saki.

"Fanka lafiyarta lau," ya ce yana yarfe hannu. "Wuta ce ba ta isa gare ta. Ba dai rile ba? Ai sabo na sa, ko sati bai yi ba."

Ya fizgo wani ɗan baƙin abu mai ƙafafun ƙarfe, bai kai akwatin ashana ba. Shi ne ke sakar wa fanka wuta idan inji ya yi zafi. Ya girgiza shi a kunne, ya shinshina, ya miƙo mata ta taga.

"Riƙe mini, kada ya ɓace. Sai na mayar wa mai shi."

Ta karɓa da hannun da take fifita. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane shi. A kusurwarsa akwai ɗigon baƙin fenti, an shafe shi da kyau, an ja shi gefe kamar wutsiya. Ta san wannan wutsiyar. Hannunta ne.

Mijinta yana da shagon kayan gyaran mota a bakin tasha. Shekarun nan da kaya suka yi tsada, ya koma sayen buhunan tsofaffin rile da fis daga wurin masu farfasa matattun motoci. A bayan gida ake zube su. Ita ce ke jiƙa su a fetur, ta goge da tsohon buroshin haƙori, ta kankare tsatsar ƙafafun. Inda wuta ta taɓa lasa, sai ta tsoma tsinken ashana a fenti ta rufe tabon. Daga nan a zura a sabuwar leda mai tambari, a liƙe bakin da kyandir. Har alfahari take da tsabtar aikinta. Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa ko ana gwada su kafin a sayar. Ya yi dariya ya ce, "In na tsaya gwaji, wa zai ci da mu? Wanda ya ƙi aiki mai shi ya dawo, a ce wayar motarsa ce. Kowa haka yake yi." Ta yarda, domin yarda ta fi sauƙi. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa abin da take wankewa yana zuwa ya zauna a cikin motar da ke ɗauke da mutane ba.

"Umma..." Auta ta ja mata mayafi. Leɓɓanta sun fara yin toka-toka.

"Ga ni, 'yar Umma. Ja a hankali. Yanzu za mu tafi."

Ba-Gaggawa ya zagayo ya buɗe aljihun gaban mota, ya ɗauko wani rilen a leda.

"Allah ya sa biyu na saya. Ga sabo dal."

Ta ga bakin ledar, ta ga ɗan baƙin hayaƙin kyandir a gefe.

"Kada ka sa shi," ta ce.

"Me?"

"Kada ka ɓata lokaci, Malam. Nemi wata dabara."

"Haba, Maman Auta, a ledarsa fa yake!"

Ya yage ledar da haƙori ya tafi. Ta buɗe baki za ta faɗa masa dalili, kunya da tsoro suka hana ta. Ya soka rilen, ya tayar da mota, ya tsaya yana jira. Allura ta hau. Fanka ko motsi. Ya kashe, ya cire, ya hura ƙafafun, ya mayar, ya sake tayarwa. Shiru. Ya shiga bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana cewa tunda sabo ya ƙi, to lallai laifin yana wani wuri. Motocin gaba suka fara matsawa, na baya suka cika wurin da hon da zagi. Ita tana zaune ta san inda laifin yake, kan 'yarta yana ƙara nauyi a hannunta.

Ta leƙa ta taga ta ɗaga murya, ba ta damu da wanda zai ji ba.

"Malam! Shi ma matacce ne! Wallahi matacce ne, na sani!"

Ya ɗago ya dube ta. Bai tambaye ta yadda ta sani ba. Ya koma kan akwatin, ya bi layin da yatsa, ya tsaya a kan rilen hon, wanda ya zo da motar tun daga kamfani. Girmansu ɗaya. Ya zare shi ya soka a gurbin na fanka, ya murɗa makulli. Fanka ta tashi.

Sai dai yanzu motar ba ta da hon. Hanya ta ɗan buɗe, ga rata can, ga wata can, amma ba abin da zai sa a kauce masa. Yana dukan tsakiyar sitiyari bisa sabo, ba ya jin komai. Dattijon ya fitar da kai ta taga yana buga ƙofa da tafin hannu, yana ihu, "Marar lafiya! Ku ba da hanya, marar lafiya!" Wasu suka kauce. Wasu gilashinsu a rufe yake, ba su ma waiwayo ba. Maman Auta ta sa kunne a bakin Auta. Fiton nan da ya hana ta sukuni tun safe, yanzu shi take nema.

* * *

An karɓe yarinyar a guje aka rufe ƙofa. Maman Auta ta zauna a bencin baranda, Ba-Gaggawa yana tsaye yana tsotsar ƙonannen yatsansa. Can sai ga mijinta ya shigo yana haki, hula a hannu.

"Ina take? Me ya tsayar da ku? Tun yaushe aka ce mini kun taho!"

Ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa rilen. Ya ɗauka ya juya shi, ya ga fentin. Ya dubi direban.

"A ina ka samo wannan?"

"A shagonka, maƙwabci. Guda biyu."

"Ni ban sayar maka da komai ba."

"Ina kan layi a tasha, sai na aiki wani abokin aikina."

Baban Auta ya dafe kai. Muryarsa ta karye, kuma da gaske abin ya yi masa ciwo.

"Haba, Malam! Me ya sa ba ka zo da kanka ba? Ai da na san motarka ce, da na ciro maka mai kyau a ƙarƙashin kanta. Wannan na baƙi ne."

Ba-Gaggawa ya cire yatsan daga baki ya tsaya yana kallonsa. Ya ja jiki ya koma can ƙarshen barandar ya zauna a ƙasa.

Ƙofa ta buɗe a hankali. Ma'aikaciyar jinya ta fito, ba ta sauri. Ta dubi mutanen da ke kan benci ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce mahaifiyar yarinyar?"

Maman Auta ta miƙe. Matar ta kamo hannunta ta buɗe shi, ta zuba mata 'yan kunnen Auta guda biyu, sannan ta naɗe mata yatsun a kansu, ta ce, "Sai haƙuri."