Jikan Bazgul Khan Ya Ƙi Cin Abinci

Lokacin korona aka kwantar da wani tsoho a ɗakin da Sa'adiyya take aikin jinya a Doha. Sunansa Gul Wali, ɗan ƙabilar Pashtun, mai gasa gurasa a unguwar Mansura da ke birnin. Zazzaɓi ya sauka, numfashi ya fara daidaita, amma tsohon nan ya ƙi cin abinci. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, jikin ba zai ɗauka ba.

Kullum ta kawo masa tire, sai ya gutsuri gurasa ya miƙo mata. Ita kuwa yadda aka tarbiyyantar da ita a Kano, sai ta ɗan rusuna ta ce Alhamdulillahi, ta ƙoshi. Shi kuma ya ture tiren, ya juya fuska bango. Ta ɗauka girkin asibiti ne bai yi masa ba.

Wata safiya, cikin ɗan Larabcin da suke lallaɓawa da shi, ya ba ta labarin kakan kakansa, Bazgul Khan. A ƙarni na sha tara dattawan kwarinsu suka naɗa masa rawani bayan rasuwar mahaifinsa. Sarautar ba ta wuce hunturu ɗaya ba. Shekarar aka yi yunwa, mutanen kan duwatsu suka yi ta gangarowa, shi kuwa ba ya kai loma baki sai baƙonsa ya ci. Ya buɗe rumbunan sarauta har suka ƙare ƙarƙaf. 'Yan'uwansa suka taru suka kwance masa rawani, suka naɗa ƙanensa. Ya koma gona ya yi ta dashen rumman har ya tsufa, wai ba a taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

"Tun daga kansa ba wanda ya riga baƙo ci a gidanmu," in ji tsohon. "Ke kuma kullum kin ƙoshi."

"Baba, ai ni ma'aikaciya ce, ba baƙuwa ba."

"Gadon nan ni nake kwance a kai ko ke?"

Ta ce shi ne.

"To, ke kika zo."

Ba halin cire takunkumi a ɗakin, balle cin abincin mara lafiya. Da azahar Sa'adiyya ta ajiye masa tirensa, ta fita ta tuɓe kayan kariya, ta karɓi gurasa ɗaya a wajen mai rabon abinci. Ta tsaya bayan gilashin da ke kallon gadonsa, ta ɗaga gurasar ya gani, sannan ta gatsa, kunya kamar ta nutse. Tsohon ya yi bisimilla, ya jawo tire. Haka suka riƙa yi har aka sallame shi.

Lokacin gasar cin kofin duniya ta bi ta Mansura da mijinta Abdulbaqi. 'Yan kallon ƙwallo sun cika ƙofar shagon gurasar Gul Wali, amma tsohon ya hango ta. Ya zaro gurasa mai zafi daga tanderu ya miƙo.

Har ta fara rusunawa, ya ɗaga mata gira. Ta yi dariya, ta karɓa ta ci.