Yatsa Ba Tawada

Ba girman kai ne ya sa Sentila ta cire 'ya'yanta daga makarantar ƙauye ba, ko da yake abin da matan coci ke faɗa ke nan da ta juya baya. Malamin ne ya tare a birnin Mokokchung yana sayar da kayan gini, ya dasa ɗan ƙanwarsa a aji, yaron da ko sunansa bai iya rubutawa daidai ba. Sai ta share gefen murhu, ƙarƙashin ragar kyafe naman alade, ta zaunar da nata uku: Lanu babba, shi kaɗai ne namiji, sai Asenla, sai auta Narola. Da safe addu'a da Littafi Mai Tsarki, da hantsi lissafi, bayan an ci shinkafa kuma tarihi da sha'anin mulki.

Wannan na ƙarshe ba a baki kawai take koyar da shi ba. Duk Juma'a ana zaɓen shugaban aji, mai raba aikin mako. Ta rataye zane a kusurwa, ta jera bututun gora uku a bayansa, kowanne da sunan yaro. Ka shiga kai kaɗai da ƙwayar masara ɗaya, ka jefa, ka fito ta ɗiga maka tawada a yatsa. "Mutum ɗaya, ƙwaya ɗaya," in ji ta. "Allah bai ba kowa lamirin wani ya riƙe masa ba." To, 'yan matan sun haɗe kai, kullum Asenla ke ci, kullum Lanu ke ba aladu abinci, yana cika yana batsewa.

Ana jibi zaɓen jiha sai ga Imkong, yayan mijinta, ɗan majalisar ƙauye, ya faɗo gidan ko gaisuwa babu.

"Katin zaɓe," ya ce, ya miƙo hannu. "Naki da na Temjen. An zauna, an tsayar da wanda gari zai bi. Samari za su danna wa kowa na'urar zaɓe."

"Yaya, ai yatsana bai karye ba."

"Bakin ne ya kamata ya karye." Ya ɗaga zanen da tsinin sandarsa, ya leƙa. "Wannan fa? Ɗakin boka? Tarihi wai take koyarwa! Tarihin garin nan murya ɗaya ce, malama. Da kakanninmu sun riƙa ɓuya bayan zane kowa da masararsa, da ko tokar garin ba a samu ba."

"Kakanninmu ba su sayar da muryar gari a kan aladu da kwanon rufi ba."

Kai, ran mutumin nan ya ɓaci! Ya ce ranar girbi kada ta nemi hannun kowa, ranar mutuwarta kuma littattafanta su haƙa mata kabari. Ya juya ga Lanu. "Kai ne namiji, ka zauna mata suna tura ka wajen aladu? Tir." Temjen kuwa, mijin nata, yana bakin ƙofa yana wasa adda, kansa a ƙasa, uffan bai ce ba. Wannan shirun ya fi zagin yi mata ciwo.

Katin dai ba ta bayar ba, a rigarta ta kwana da shi. Ba ɗan takarar ne ya dame ta ba, su duka ba ta ga na kirki ba. So take yaran su ga tawadar gaske a yatsanta, su san abin da take koya musu ba wasan masara ba ne.

Ranar zaɓen ta faɗo Juma'a. Ta yafa mayafin coci, ta ce wa yaran su jira ta dawo su yi nasu zaɓen, za ta nuna musu yatsa. A filin makaranta, inda ake zaɓen, samari suka yi ta shewa, "A ba malama hanya! Gwamnati ta iso!" Ta daure, ta bi layi har gaban tebur. Ma'aikacin, wani baƙo da gumi ya jiƙa wa riga, ya duba sunanta, ya kasa haɗa ido da ita.

"An riga an yi miki."

"Wa ya yi? Ga katina a hannuna!"

Imkong ne ya amsa daga bakin ƙofa, yana dariya. "Gidanki bai rasa namiji ba, malama. Je ki ɗora tukunya."

Ta hau tudun gida tana shirya abin da za ta faɗa wa yaran. Tun daga nesa ta jiyo kukan Narola. Zanen yana ƙasa. Bututun Lanu ne kaɗai a tsaye, ƙwaya uku a ciki, shi kuma ya hakimce a kan kujerarta.

"Ya ƙwace mana masara, Mama," in ji Asenla. "Ya ce mu za mu ba aladu abinci."

"Na jefa wa gida," Lanu ya ce, ko gezau. Ya ɗaga hannu, yatsu uku duk tawada.

Sentila ta ɗaga nata hannun za ta kwaɗa masa mari. Asenla ta cafke shi, ta juya shi, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, ina taki tawadar?"

Ta kau da kai gefe. A lokacin ta lura da Temjen a gefen murhu, yana ta murza hannu da toka. Tawadar zaɓe kuwa ba ta fita da toka. Ga ta nan raɗau a yatsunsa biyu.

Lanu ya bi idonta, ya dubi uban, ya sake duban hannunsa.

"Kin gani?" ya ce. "Na ma fi Baba da ɗaya."