Wando Mai Aljihu a Ciki

Tela na durƙushe yana zagaya ƙugun malamin da tef, sai malamin ya riƙe masa hannu. Ya ce a ɗaga awon ya wuce cibiya da yatsa uku, a sa roba mai laushi maimakon maɓalli, sannan a ɗinka aljihu daga ciki, ta hagu, mai faɗin tafin hannu.

To, ga wanda aka gaya wa! Duk layin shagunan nan Ɗan Jarida ake ce wa telan, don ba ka kawo masa ɗinki ka fita da sirrinka. Shekara shida yana yi wa malamin nan ɗinki, tun yana sabon ɗauka a sakandaren bayan kasuwa, ko daga barci aka tashe shi ya san ƙugunsa talatin da huɗu ne. Yau tef ya ce ashirin da tara. Wata takwas ba a ga ƙeyarsa ba, ga shi ya dawo wuya kamar mariƙin lema.

Tela ya fara bugun ciki. Yanke masa aljihu aka yi a mota? Ko waya ce ake ɓoye wa uwargida? Malam sai murmushi. Da telan ya ce in dai bindiga ce shi fa ba ruwansa, malamin ya yi dariya har da dafe ciki, ya ce a saki labule.

Ya ɗaga riga. Wata 'yar jaka ce ta roba manne a gefen cikinsa. Tela ya auna tumbi iri-iri a duniya, amma bai taɓa ganin wannan ba. Ƙyama ta taso masa, son jin ƙwaƙwaf ya danne ta. Da zafi? Tana wari? Ta wane gefe yake kwanciya?

Malamin ya amsa ɗaya bayan ɗaya kamar a aji. Ciwon daji ne na dubura. An yi masa gashi da na'urar asibiti, aka yi aiki aka cire wurin, yanzu ta nan bayan gida ke fita. Wandunansa duka suna danne bakin jakar, kuma mako mai zuwa zai koma aiki, ba ya son tana reto a gaban ɗalibai.

"Daji kuma? Ba na tsofaffi ba ne? Kai nawa kake?"

"Talatin ba ɗaya."

Su uku ne a ɗakin asibitin, in ji shi, babbansu bai kai arba'in ba. Wani direba ya zo da wuri, aka yanke aka haɗa, yana can kan titi ba jaka ba komai. Wani ɗan jami'a ya zo abin ya riga ya kai hanta, ya rasu. Shi ne na tsakiya. Shekara ɗaya da rabi yana ganin jini, kowa na ce masa basir ne, likitan farko ma shekarunsa ya duba, bai duba shi ba.

 Ɗan Jarida ya koma gaban kekensa ya zauna a karkace, yana neman almakashin da ke hannunsa. Idon malamin ya sauka kan kujerar: matashin zama ne zagayayye mai rami a tsakiya, an yi masa kalmasa tsaf.

"Yaya, kai ka ɗinka wannan? Ni da tsohon bargo na yi nawa. Wata nawa ke nan?"

Mai tambayar mutane yau shi aka titsiye. Wata bakwai, ya ce, murya ƙasa-ƙasa. Matarsa ta gani a wanki ta yi magana, ya balbale ta da faɗa. Kwalaben maganin basir na ƙarƙashin teburin yanka, ya rufe su da ƙyallaye. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ya tuna 'yarsa da ko yaye ta ba a yi ba.

Malamin bai tsorata shi ba. Ya ce mai yiwuwa basir ɗin ne, yawanci ma shi ne, amma wanda ya duba ne kawai zai sani. Dubawar ba daɗi, akwai kunya, sai dai ko minti biyu ba ta kaiwa. Ya gyara rigarsa, ya tambayi ranar karɓar wando.

"Likitan naka, wace rana yake zama?"

"Laraba. Ni ma ranar zan koma."

"To kada ka wahalar da kanka zuwa shago. Zan kawo maka can."

Bayan ya fita, tela ya zana aljihun a tsohuwar jarida, ya yanka, ya fitar da shi a yadi. Ya ɗauki takardar zai jefa kwando kamar kullum, sai ya tsaya. Ya ɗora ta a gefen cikinsa na hagu, ya daɗe yana kallo, sannan ya rataye ta a ƙusa.