Bayan Ƙafafun Lorne

Ran da Lorne Petryk ya rasu, jaridar garin ta ba shi layi huɗu, ƙarƙashin tallar tayar mota. Gord Maki ya karanta yana shan kofi, kuma abin da ba zai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ƙanƙantar labarin ta yi masa daɗi.

Shekara goma sha ɗaya suka yi suna karawa a gasar nan ta garinsu Penticton: ninkaya a tafkin Okanagan, keke ta cikin duwatsu, sannan gudu har ƙafa ta mutu. Gord ya ci sau huɗu, hotonsa na rataye a kowane shagon keke. Lorne bai taɓa wuce na uku ba. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin 'yan wasa ba su san da shi ba, har ya daina yana hawa tsohon kekensa mai nauyi kamar ƙofar gareji.

Amma a ruwa fa, ba a haifi kamarsa ba. Nan ne cutar Gord take. Dokar gasar ta yarda ka lafe a bayan wani cikin ruwa, shi ya tsaga, kai ka bi a sauƙaƙe. To duk cin da Gord ya yi, a bayan Lorne ya yi ninkayarsa, bai taɓa ɗaga kai ya nemi hanya da kansa ba. Ya fito da ƙarfinsa cif, ya wuce Lorne a kan keke ko sannu babu. Ya fi sanin tafin ƙafar mutumin nan da fuskarsa. Ya tsani yadda Lorne yake tafiya a ruwa ba fantsama ba haki, ya kuma tsani yadda yake zuwa ya ba shi hannu bayan gasa yana dariya, kamar ba abin da aka ƙwace masa.

Shauna, 'yar Lorne, ita ta kira Gord. Za a yi ninkayar tunawa da babanta ran Asabar da safe, daga bakin yashi zuwa balo, wato jar ƙwallon alama da aka ɗaure a tsakiyar tafki.

"Kai za ka ja mu, Baffa Gord. Wa ya kai ka?"

Ta ina zai ce a'a? Zakaran gari ya ce bai iya jan gaba ba?

Ya zaci mutum ashirin zai tarar. Ya tarar da yashi ya cika: waɗanda Lorne ya koya wa ruwa bayan ya bar gasa, masu gonakin inabi, tsofaffi da furfura cikin baƙar rigar roba. Ba wanda ya nemi Gord ya sa masa hannu a riga. Kishi ya kama shi, kishin mamaci, abin kunya.

Réjean, tsohon abokin hamayyarsu wanda ciwon gwiwa ya zaunar, yana cikin kwalekwalen tsaro.

"Kai tsoho, yau ba mai tsaga maka ruwa fa! Ka san inda gabas take kuwa?"

"Rufe mana baki, gurgu. Sau nawa ka ga bayana?"

"Ni bayanka na gani, kai bayan wa ka gani?"

Aka yi dariya. Gord ma ya yi, ta fatar baki.

Suka shiga. Ya sa ƙarfi kamar mai shekara talatin, yana jin jama'a a bayansa, yana cewa a ransa yau dai ga shi a gaba. Ya ɗaga kai sau ɗaya, rana ta kashe masa ido, ya mayar. Ya ci gaba yadda hannunsa na dama ya ga dama.

Usur ya tsayar da shi. Réjean yana ɗaga filafili yana ihu.

"Ina za ka kai su, garin Kelowna? Balo na can hagu, malam!"

Ya waiga. Mutum kusan ɗari sun biyo shi sun yi baka kamar lauje, kawuna na ɓullowa ɗaya bayan ɗaya suna kallonsa.

Shauna ta zo ta gefensa, ta ce, "Biyo ni," ta miƙe. Tafiyar ubanta sak, ba fantsama. Ya so ya ƙi. Jikinsa bai shawarce shi ba, ya lafe a bayanta, ruwa ya yi laushi nan take. Kusa da balo numfashinsa ya soma yankewa, yatsunsa suka taɓa ƙafarta sau biyu. Sai ta sassauta, daidai yadda zai iya.

Da suka riƙe igiyar balon suna haki, ya ce, "Wa ya ce ki rage? Ban gaji ba."

Ta cire tabaran ruwa, idonta ja.

"Baba ne. Ya ce in Gord ya taɓa masa ƙafa sau biyu to ya kusa nutsewa, shi ya sa yake jiranka."

"Jirana? A gasa?"

"Kullum. Ya ce kai kaɗai ne a garin nan za ka iya kayar da baƙin da ke zuwa gasar, shi ba zai iya ba."

Gord ya buɗe baki, ruwa ya shiga. Sauran suna isowa, kowa na dafa balon yana kiran sunan Lorne, shi kuwa ya ƙanƙame igiyar yana tari, yana neman ko ɗaya cikin kofunan nan huɗu da zai ce nasa ne shi kaɗai.