Ruwan Ɗan Takara

A garinmu Las Tortolas, kafin a tambayi mutum yaya iyali sai an tambaye shi yaushe ne ruwansa. Ruwan yana tasowa daga madatsar da ke bayan duwatsu, ya biyo babbar magudana, sai Don Pifas mai riƙe da makullin ƙofofin ruwa ya raba wa kowace gona awanninta. A shekarar da nake ba da labari madatsar ta yi ƙasa, aka ce kowa sau uku zai sha maimakon sau biyar. A wannan shekarar ce kuma Gwaggo Genoveva ta ga damar gwada ni.

Ita ta rene ni. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, na yi facin taya a birnin Torreón wata huɗu, na bi mota wata biyu, na ɗauki bulo sati uku. Duk inda na fara sabawa sai in ji tafin ƙafata yana ƙaiƙayi. Da na dawo karo na uku, daga ni sai jakar leda, ta zaunar da ni kusa da murhu tana gasa tortiya, wainar masararmu.

Ta ce, "Nabor, gonar marigayi mijina tana nan, kunya arba'in. Ka shuka kankana. Idan Don Celso mai babbar mota ya yanka ya ɗanɗana ya ce a loda, zan kai ka gaban taron gari a sa mata sunanka. Idan ya tofar, Tacho zan ba, kai kuma ka kama hanyar da ka saba."

Baffa Tacho ƙanenta ne. Shekara shida yana zagaya gonar nan kamar kare da tukunyar nama. Tasa gonar tana sama da ita a kan magudana, saboda haka duk ɗigon da zai zo mini sai ya fara gaishe shi. Ga shi aminin Don Pifas ne, duk Lahadi bayan coci tare suke cin gasasshen ɗan akuya. Ban san me ɗan akuya yake yi wa agogo ba, amma agogon Don Pifas idan ruwan Baffa ne sai ya riƙa ɗingishi, idan nawa ne sai ya zura da gudu.

Na yi aiki, wannan ko maƙiyina ya shaida. Gwaggo ta koya mini in ba kunya ɗaya ruwa in tsallake ɗaya, zagaye na gaba in juya. Na rufe gindin kowace shuka da busasshiyar ciyawa don kada rana ta lashe laimar. Ruwan farko a shuka, na biyu da fure ya fito, na uku da 'ya'yan suka kai girman dunƙulen hannu. Daga nan sai haƙuri.

Baffa kan tsaya a kan iyaka, ya tura malafarsa baya, ya ce, "Ɗan boko rabi da rabi, yaya lemunka? Au, kankana ce? Yafe mini, ido ya tsufa."

Nakan ce, "Baffa, ido ya tsufa amma yana ganin gonar mutane."

Saura kwana tara a fara tsinka sai ga ɗan takarar shugaban gunduma ya shigo gari da mota mai lasifika. Ya raba huluna masu hotonsa, ya sumbaci jarirai biyu, sannan ya hau bayan mota ya ce shi ba zai iya barci ba alhali manoma suna kuka. Ya yi magana da manya, ranar Laraba za a saki ruwa na huɗu, kyauta, kowa awa biyu. Aka yi ta tafi har Cleofas mai kanti ya yi hawaye.

Da na koma gida Gwaggo ko ɗaga kai ba ta yi daga tsintar wake ba. Ta ce, "Kada ka ba ta."

"Gwaggo, kyauta ne fa."

"Zazzaɓi ma kyauta ne. Kankana a satin ƙarshe ƙishirwa ce take tara mata zaƙi. Ka ba ta ruwa yanzu, ta kumbura, ta salance, ta fashe maka a fuska."

Kada wani ya ɗauka Gwaggo ce kaɗai ta san haka. Babu wanda bai sani ba a Las Tortolas. Amma mu mutane ne da kakanninmu suka fasa wa juna kai a kan rabin awa na ruwa. An haife mu da karatu guda: ruwa ba ya wuce ƙofar gonarka kana raye. Ana kuma cewa duk wanda ya bari nasa ya wuce, Don Pifas zai kai labari ofis cewa ba ya bukata, baɗi a rage masa. Ba wanda ya taɓa ganin an yi wa wani haka, don ba wanda ya taɓa barin ruwa ya wuce. Baffa ya ƙara da nasa ilimin a ƙofar kanti: kankana a kan sikeli ake sayen ta, ruwa kuwa nauyi ne, shi bai taɓa ganin sikelin da yake da harshe ba.

Duk da haka na yi wa Gwaggo alkawari. Har cikin raina na yi shi.

Ranar Laraba ruwana daga sha biyu ne zuwa biyu na rana. Da hantsi na tafi kantin Cleofas don kada in ga ruwan da idona zuciyata ta karye. Na tarar da mutane a inuwar rumfa, kowa da hular ɗan takara, waɗanda suka riga suka sha wandunansu jiƙe har gwiwa, suna ta annuri kamar sun dawo daga ɗaurin aure.

Cleofas ya ce, "A'a, ga mai kyauta! Yanzu baffanka ya bar nan. Ya ce ka bar masa awa biyunka, tunda ka san gonar tasa ce ko yau ko gobe."

"Ni na ce masa haka?"

"Ya ma toshe bakin kwatarka da laka tun safe, wai don ya rage maka wahala."

Wani tsoho, Don Hilario, ya cire taba daga baki ya ce, "Shekarata saba'in da huɗu a garin nan. Mutum biyu na sani da ruwa ya wuce su ba su motsa ba. Ɗaya yana makabarta, ɗayan ga shi nan a gabanmu."

Aka bushe da dariya. Cleofas ya ce, "Ku bar yaro. A Torreón ya koyo, can famfo suke murɗawa. Nabor, in ba ka ruwan leda ka kai wa lemunka?"

Da Baffa ya zo ya roƙe ni awa biyun nan, na rantse da Allah da na ba shi har da godiya. Amma ya ɗauka bai tambaya ba, ya kuma zo kanti ya yi tallata. Ban san lokacin da na fizgi sheburin da ke jingine a bango ba. Alkawarin Gwaggo na bar shi nan a kan benci.

Rana tana tsakiyar ka na isa. Ruwa yana ta malala cikin gonar Baffa, shi kuma yana tsaye a ciki babu takalmi, ciki a gaba, Don Pifas yana gefe yana kallon agogonsa kamar mai jinyar mara lafiya. Na kafta wa lakar shebur sau uku, ruwa ya kwararo cikin gonata.

Baffa ya yi ihu, "Kai, ɗan banza! Ba ka ce ba ka so ba?"

"Yanzu ina so. Nawa ne, ko in sha ko in yi wanka."

Ya ce, "Pifas, ka gani ko?"

Don Pifas ya ce, "Ni lokaci nake gani, aminina, ba na ganin rigimar dangi."

Ban tsallake kunya ko ɗaya ba a ranar. Ina buɗewa ina ƙirgawa da ƙarfi don Baffa ya ji. Kunya biyar, kunya goma, sha biyar. Ƙasa tana shan ruwa tana ƙara, ni kuma ina jin kaina namiji. Ina kan ta ashirin sai na ga ruwan yana raguwa, ya zama siriri, ya tsaya.

Na waiga. Gwaggo Genoveva ce, da takalminta na zuwa coci da mayafinta, ta zauna daram a bakin kwatar. Mace ce da Allah ya yi wa faɗi, ko ɗigo bai samu hanya ba. Ruwan ya daki bayanta ya juya gonar Baffa.

Ta ce, "Tacho, ɗauki. Duka naka ne. Sha ka ƙoshi, ƙanena."

Baffa ya cire malafa ya ce, "Allah ya bar mana ke, Yaya. Dama na san ke mai gaskiya ce."

Na ce, "Gwaggo, ki tashi, mutane suna kallo."

"Su kalla. Jiya wa ya yi mini alkawari, kai ne ko wani mai kama da kai?"

Haka ta zauna har ƙarfe biyu ta buga, aka rufe ƙofar ruwa. Ta miƙe, ta matse siket ɗinta, ta wuce gida.

Kwana biyu garin yana murna. Kankana ta kumbura, tana sheƙi, mutane suna zagaya gonaki suna shafa ta kamar cikin amarya. Kunyoyina ashirin na sama su ma suka yi ɓul-ɓul, na ƙasa kuwa suna nan ƙanana da ganye a yamutse, har kunyar kallonsu nake ji. Ranar Asabar rana ta buɗe da zafin da kare ma ba ya haushi. Wajen ƙarfe ɗaya na ji tas daga gonar Baffa. Can kuma tas daga tawa. Kafin la'asar kai ka ce bikin waliyyin gari ake yi ana harba wasan wuta. Ko'ina ka duba jan baki ne a buɗe yana yi maka dariya. Aladu da awaki ba su taɓa ganin shekara irin wannan ba. Hulunan ɗan takara suka yi amfani a ƙarshe, da su aka riƙa korar ƙuda.

Don Celso ya zo ranar Juma'ar da ta biyo baya, da 'yar wuƙarsa a aljihun riga. Mutum ne da ba ya ɓata magana. Ya shiga gonar Baffa, ya zaɓi babba cikin waɗanda ba su fashe ba, ya yanka, ya tauna, ya tofar.

Baffa ya ce, "Kilo goma sha huɗu ce fa, Don Celso."

"Ruwan randa ne ya sa jar riga. Wanda zai saya a birni da baki zai ci, ba da sikeli ba."

Gona shida ya shiga, sau shida ya tofar, rabin gari yana biye da shi shiru kamar masu rakiyar gawa. Sannan ya iso tawa. Ya fara da kunyoyin sama, ya yanka, ya tauna, ya tofar kusa da takalmina.

Baffa, wanda ɗazu kamar zai yi kuka, ya daka tsalle. "Ya tofar! Yaya, kin gani da idonki! Jama'a ku shaida, ya tofar!"

Na fara tunanin ko mai facin tayar nan na Torreón zai sake karɓa ta.

Don Celso bai kula kowa ba, ya gangara kunyoyin ƙasa. Ya ɗauki wata 'yar ƙarama da ba ta fi kan jariri ba, ya ƙwanƙwasa, ya yanka. Ya tauna. Ya sake yanka wani yankin, ya cinye har kusa da ɓawo, ya lashe wuƙar ya mayar aljihu.

Ya ce, "Daga nan zuwa can, a loda."

Na ce, "Gwaggo, ya ce a loda!"

Baffa ya ce, "Ai ya riga ya tofar!"

Kowa ya juya ga Gwaggo. Ta karɓi ragowar kankanar daga hannun Don Celso, ta ci a tsanake, ta furzar da 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Dukanku kuna da gaskiya, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Kunya ashirin da na zauna na tsare, na Nabor ne. Ashirin ɗin da ya shayar da hannunsa suka fashe, na Tacho ne. Dama ku biyun ruwa kuke so, ga shi nan ya raba ku."

Na ce, "Amma Gwaggo, na sama su ne a bakin kwata. Yanzu ruwana sau biyu zai ratsa ta hannun Baffa."

"To da ka zauna a kanti ka sha dariyar Cleofas, da sau ɗaya ne."

Ranar Lahadi aka kira sunana a taron gari, kunya ashirin. Don Hilario ya ce yanzu mutum uku ya sani, amma ta ukun ba ta bar ruwa ya wuce ba, zama ta yi a kansa. Ɗan takara ya ci zaɓe, garinmu ma ya zaɓe shi, don a cewar Cleofas mutumin ya yi alkawarin ruwa kuma ya kawo.

Da yammar Lahadin nan tafin ƙafata ya yi ƙaiƙayi kamar yadda ya saba. Na shiga motar Torreón washegari, Gwaggo tana kallona daga ƙofa. Motar yamma ta dawo da ni. Agogo na je na sayo, babba, mai lambobi manya da ake gani tun daga gonar Baffa.