Muna Bayanka

Duk abin da Koci ya samu a duniya, bayansa ne ya ba shi. Yana saurayi, a wasan ƙarshe na cin kofi, wani mai tsaron bayan abokan karawa ya ɗirko ƙwallo da iya ƙarfinsa, ta nufo masa fuska. Tsoro ya kama shi, ya runtse ido ya juya. Ƙwallo ta daki gadon bayansa, ta tsallake gola ta faɗa raga. Kafin ya buɗe ido jama'a sun ɗaga shi sama. Daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, sai Gadon-Baya.

Da 'yan jarida suka tambaye shi, bai ga dalilin ɓata wa mutane murna ba. "Da gangan na yi," in ji shi. "Ɗan wasa na gaske ko da baya yana gani." Ya yi ta maimaitawa har shi ma ya yarda.

Da gwiwa ta ƙi, ya rataye takalma ya ɗauki usur na koci. Ƙungiyoyi suka yi ta ɗaukarsa saboda waccan ƙwallo, suna korarsa saboda duk sauran. Kowacce ta bar masa rigar atisaye mai launinta, har matarsa ta mayar da wata ja daga ciki tsumman goge taga. Amma ko'ina ya je darasinsa ɗaya ne. A hutun rabin lokaci, ko an zura musu uku, sai ya juya wa 'yan wasa baya ya nuna musu yadda ya lissafa iska a ranar. Tsofaffin hannu sukan sunkuya suna ɗaure igiyar takalmin da ke ɗaure. Lamba Tara kaɗai, dogon ɗan gaba mai saurin yarda, yake saurare baki buɗe.

Bana ƙungiyarsa ta zame har gindin tebur. Saura wasa ɗaya. In ba su ci ba za su faɗa ƙaramin rukuni, Koci kuma ya miƙa makullin gidan ƙungiya, gidan da a karon farko 'yarsa ta daɗe a makaranta ɗaya har ta yi ƙawaye.

Da safen wasan suna karyawa, sai ga muryar shugaban ƙungiya a rediyo, dillalin tayoyi wanda bai san bambancin bugun kwana da fanareti ba. "Muna bayan kocinmu ɗari bisa ɗari," in ji shi.

Matar Koci ta ajiye cokali, ta shiga ɗaki ta jawo kwalaye daga ƙarƙashin gado.

"Me kike yi haka?"

"Ba ka ji ba? Sun ce suna bayanka."

"To ai abin arziki ne."

"Baban yarinya, ƙungiya nawa ta tsaya a bayanka? Mai tura mutum ai ba a gabansa yake tsayawa ba."

Ya yi tsaki, amma ya san gaskiya ta faɗa.

An tafi hutu babu ci. Ɗakin sauya kaya na warin gumi da man zafi, 'yan wasa sun zuba masa ido suna jiran dabara. Ya laluba kansa bai sami komai ba, sai ya juya musu baya ya fara labarin iska.

Ana dab da tashi Allah Ya kawo rabo. Aka kwaso ƙwallo daga gefe, golan abokan karawa ya zame ya faɗi, raga ta zama wayam. Ƙwallo ta taho sannu a hankali daidai goshin Lamba Tara, irin wadda ko tsohuwa da tsintsiya za ta tura ciki. Lamba Tara ya dubi benci, ya yi murmushi, ya juya baya. Ƙwallo ta daki kafaɗarsa ta haye sama, ta sauka cikin 'yan kallo. Alƙalin wasa ya hura usur.

A ɗakin sauya kaya Lamba Tara ya durƙusa gabansa yana kuka kamar yaro.

"Koci, wallahi na lissafa iskar. A ina na kuskure?"

Tausayi ya kama Koci, gaskiya ta zo masa har bakin harshe. Ya dubi idanun da ke kansa, ya haɗiye ta.

"Ba ka lanƙwasa gwiwa ba," ya ce.

Shugaba ya shigo, ya dafa bayansa cikin girmamawa, bai ɗauke hannun ba sai da ya kai shi bakin ƙofar fili. "Har gobe muna bayanka," in ji shi, maigadi ya ja ƙofa.

A gida ya tarar an ɗaure kwalaye, yarinya na zaune kan ɗaya ta ƙi kallonsa. Matar na naɗe hoton waccan ƙwallo cikin jan tsumma.

"Yaron nan bai fahimci darasin ba," ya ce.

"Ya fahimta sarai. Ai ina filin a ranarka, baban yarinya. Na ga idonka a rufe."

"Shekarun nan duk ba ki taɓa faɗa ba?"

"In faɗa mu ci me?" Ta miƙa masa kwali. "Juya, a bayan za ka ɗauka."