Fitilun da Virgil Ya Zaɓa

Farkon shigowar sanyi a waccan shekarar, Harlan Moberg ya faɗa rami da motarsa a hanyar da ta fita daga garin Tok ta yi gabas. Bai ji ko ƙwarzane ba. Wata ƙatuwar mus ce, dabbar nan mai kama da gwanki amma ta fi doki tsawo, ta tsaya a tsakiyar titi da magariba, bai kuwa gan ta ba sai da ya kusa shigewa ƙarƙashin cikinta. Ya murɗe sitiyari, motar ta gangara ta nutse a dusar ƙanƙara. Dabbar ta dube shi, ta yi tafiyarta.

Mutum ɗaya ya kira, amininsa Virgil Tackett. Tun suna samari suke tare, tare suka yi aikin gyaran titi har suka ajiye, kuma ranar da aka binne matar Harlan, Virgil ne ya riƙe masa kafaɗa. Ya iso da sarƙa yana dariya.

"Kai tsoho, hanya duk faɗinta ba ta ishe ka ba, sai ka shiga gonar gwamnati?"

"Ja ni ka rufe mini baki," in ji Harlan. Da motar ta hau titi sai ya riƙo hannun rigar abokin. "Virgil, kada Rhoda ta ji wannan. Ka san halinta."

Rhoda ita ce 'yarsa tilo, tana aikin jinya a can birnin Anchorage. Tun rasuwar uwarta take binsa da ya bar gidan katakon nan na bakin daji ya koma wurinta.

Virgil ya dafa ƙirji. "Haba mutumina. Daga bakina? Ai an binne ta a nan."

Harlan ya san idanunsa sun fara cin amanarsa. Da rana ba laifi, amma da zarar duhu ya sauko sai abubuwa su riƙa narkewa cikin juna, kuma a ƙasarsu duhun hunturu tun la'asar yake sauka. Bai faɗa wa kowa ba. Ya dai ce fitilun motar ne suka tsufa. Motar kuwa a-kori-kura ce mai ja da tayoyi huɗu, ja ce da farin rufi, shi yake mata juyen mai da hannunsa, kuma duk garin an san babu mai lafiyarta. Virgil kansa ya sha shafa bonet ɗinta yana cewa, "Ranar da ka gaji da ita, ka tuna da maraya."

Bayan kwana biyu Virgil ya kawo shawara su je birnin Fairbanks su sayo ƙarin fitilu, irin waɗanda ake ɗaurawa a bamba. Harlan ya ji daɗi har ransa. Suka tafi da gahawa a gora da busasshen kifi a takarda, suna tafe suna musu a kan wanda ya fi iya tuƙa gireda a zamaninsu.

A shagon, bango guda fitilu ne. Akwai dogaye kamar sanda masu jerin ƙananan ƙwayaye, akwai masu zagaye kamar faranti. Matar da ke tsaron shagon ta tambaye shi irin hanyar da yake bi da abin da yake tsoro.

"Abin da ke fitowa daga gefe," in ji Harlan. "Ba gudu nake yi ba."

Ta sauko masa da wasu guda biyu masu zagaye, haskensu ruwan ɗorawa, masu bazuwa hagu da dama. Ta ce irin wannan hasken ba ya dawowa ido idan dusar ƙanƙara na zuba, kuma gilashinsu yana ɗaukar zafi, ƙanƙara ba ta kwanciya a kai. Ta kunna ɗaya ta haska bango. Harlan ya ji idonsa ya huta.

"Su nake so."

"A'a, a'a, dakata," in ji Virgil. Ya riga ya ɗauko wasu farare tas, manya, masu harba haske can nesa kamar mashi. "Wannan fitilar kakanni za ka saka wa mota irin taka? Kalli nan. Da waɗannan, tun dabba tana Kanada za ka hango ta."

"Farin yana soka mini ido."

"Kwana biyu ka saba. Ni zan cuce ka?"

Matar ta ɗan ɗaga kafaɗa, ta ce farin ya fi dacewa da mai ido garau da ke tafiyar nesa. Virgil ya ja ta da wasa har ta yi dariya, ya ce wannan tsohon da take gani yana iya hango ƙuda a kan dutse. Harlan kuwa kunya ta hana shi ya ce ba haka ba ne. Farare suka saya.

Kwana biyu suka yi a garejin Harlan, murhun itace yana ci a kusurwa. Virgil ya ce bayansa yana ciwo, don haka shi ya zauna a kan bokiti yana miƙa sifana, Harlan ne ya kwanta a siminti. Ya huda bamba, ya ɗaure fitilun ƙasa da layin bonet don kada hasken ya bugi ƙarfe ya dawo masa. Ya ja waya mai kauri daga batir, ya sa fiyus kusa da kan batirin, ya bi da wayar nesa da inda inji ke zafi yana ɗaure ta gaɓa-gaɓa. Ya haɗa su da doguwar fitila yadda idan ya rage wa mai tahowa haske, su ma za su mutu tare. Yatsunsa sun sandare, ya fasa ɗan yatsa a jikin noti, amma yana aikin yana fito.

Da aka zo maganar makunni, Harlan ya nuna dama da sitiyari, inda hannunsa yake sauka.

"Sa shi a hagu," in ji Virgil. "Can ya fi tsabta."

"Ni ba bahago ba ne kamar ka."

"Dama ta cika tarkace. Ji maganata."

Ya sa a hagu. Suka juya motar ta fuskanci bango, suka daidaita hasken, sannan da yamma suka fita gwaji. Titi ya yi fari fat har iyakar gani. Virgil yana ta buga gwiwa yana ihu kamar yaro. Shi kuwa Harlan hawaye ne ke zubo masa, kowane allon hanya sai ya watso masa haske kamar an watsa masa gishiri.

"Yaya ka gani?"

"Sun yi," in ji Harlan.

Ranar Talata da hantsi ya je gidan waya, ya ci karo da Bonita, matar Virgil, rungume da kwali. Mace ce mai kirki, amma bakinta ba ya riƙe ruwa.

"Harlan! Ai ni ban san me zan ce maka ba. Mutumin nan tun shekaranjiya bai yi barci ba don murna. Har gareji ya share mata. Na ce da shi, ka ga amini na gaskiya, zai bar maka mota kuma sai da ya ƙawata maka ita."

Harlan ya tsaya da wasiƙu a hannu. "Wace mota?"

"Taka mana. Ai Rhoda ta ce kafin Kirsimeti za ta zo ta tafi da kai, tunda abin nan ya faru a hanya. Ta ce Virgil ya riƙe motar, shi kuma ya riƙa duba gidan." Sai ta ga fuskarsa. Ta sa hannu ta toshe baki. "Wayyo ni. Ba su gaya maka ba?"

Ya juya ya bar ta a tsaye. Ya fita ya shiga mota ya zauna, bai tayar ba. Idonsa ya sauka a kan makunnin nan na hagu. Ɗan yatsan da ya fasa yana masa zogi. Ya tuna yadda ya kwanta a siminti mai sanyi yana fito, wani kuma yana zaune a bokiti yana kallon yadda ake gyara masa kayansa.

Ya tarar da Virgil a bayan gida yana faskare.

"A'a, mai sababbin idanu! Shigo, akwai gahawa."

"Yaushe ka kira ta?"

Virgil ya kafa gatarin a kututture. Ya ɗan jima yana gyara safar hannunsa. "Bonita ce ko?"

"Na ce yaushe?"

"Daren da na jawo ka."

"Daren da ka dafa ƙirji."

"Harlan, ka ji ni. Ba ka gani. Kowa ya sani, kai kaɗai kake zaton ka ɓoye. Yau mus ce, gobe motar 'yan makaranta. So kake in zuba ido har in je in kwaso ka a leda?"

"Da ka faɗa mini haka a fuskata, da na zage ka, mu yi kwana uku ba ma magana, ya wuce. Wannan na iya haɗiye shi." Harlan ya matso kusa da shi. "Amma ka ɗauke ni har Fairbanks. Matar nan ta ba ni abin da idona yake so, ka ture. Ka zaɓi naka. Ka zauna kana miƙo mini sifana ina ɗaura maka. Har makunni, Virgil. Har makunni."

"Rhoda ce ta ce in lallaɓa ka, kada ka gane kafin ta zo."

"Ita ta ce ka zaɓi farare?"

Virgil ya dubi tarin itacen. "Na ga tunda dai za a saya..."

"Ƙarasa mana."

Virgil ya koma gyara safar hannunsa.

"Sati guda ina yawo da su cikin duhu, ban ga komai sai walƙiya. Kai da kake tsoron in kashe 'ya'yan mutane." Harlan ya juya. Virgil ya biyo shi har bakin mota yana kiran sunansa, yana cewa shekara nawa muna tare, a kan ƙarfe za mu ɓata? Harlan ya ja ƙofa ya rufe.

Da ya isa gida ya kira Rhoda. Tana jin muryarsa ta gane.

"Baba, don Allah ka saurare ni. Na san in na tambaye ka, a'a za ka ce."

"Shi ya sa kika raba kayana ina raye."

"Ba haka ba ne, Baba." Ta fara kuka. "Kullum waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Na rasa Mama, ba zan iya..."

Ya bar ta ta yi kukanta. Nata ya fahimta, ko da yake ya yi masa ciwo. Tsoro ne ya sa ta. Da ta lafa ya ce, "Ki zo. Zan bi ki a duba idon. Amma motar tawa ce, ni zan ce inda za ta."

Washegari ya kunna murhu ya koma ƙarƙashin mota shi kaɗai. Ya kwance fitilun, ya zare wayar gaɓa-gaɓa kamar yadda ya ɗaura ta, ya naɗe komai ya zuba a kwalin da suka zo a ciki. Ya kai kwalin ƙofar gidan Virgil da rana tsaka ya ajiye a kan matakala, bai ƙwanƙwasa ba. Daga nan ya wuce wurin 'yan sa-kai masu kashe gobara, waɗanda suka daɗe suna neman motar da za ta iya shiga hanyoyin daji. Ya miƙa wa shugabarsu makulli, ya ce su kula da juyen mai, ba ta son wasa da shi. Matar ta karɓa ta yi godiya. Wani daga cikinsu ya mai da shi gida.

Rhoda ta iso ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Suka kashe famfon ruwan gidan, suka rufe tagogi, ya ba wani maƙwabci makullin. Suna fitowa kan titi sai ga Virgil tsaye a bakin hanya cikin babbar rigar sanyi, hannunsa riƙe da ƙunshi. Rhoda ta rage gudu.

"Baba, Kawu Virgil ne."

"Na gan shi. Da rana ina gani."

"In tsaya?"

"Wuce."

Ta wuce a hankali. Harlan bai juya ba.

A Anchorage an yi masa aiki a ido ɗaya ya washe, ɗayan likita ya ce sai haƙuri. Tuƙi dai ya ƙare. Ya koyi hawan bas, ya sami wani shagon gyaran injin kwale-kwale inda yake zuwa ya zauna a yi hira. Shi da Rhoda sun shirya, ba tare da an sake tayar da zancen ba. Wata ranar Asabar cikin bazara yana zaune a kicin yana feraye dankali, wayar gidan ta yi ƙara. Rhoda ta ɗauka, ta saurara, ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Shi ne kuma. Ya ce ko gaisawa ce kawai."

Harlan ya gama feraye wanda ke hannunsa, ya jefa a ruwa, ya ɗauki wani.

"Ki ce masa ina lafiya," ya ce. "Ki gaishe mini da Bonita."